Kifin Da Diep Ta Juya

Tun ranar da yarinyar nan ta sauko daga motar Da Nang, akwati a hannu ɗaya, ƙunshin ganyen shayi a ɗayan, na san Yaya Nam ba za ta so ta ba.

Ba wai ta rasa kyau ba ne, kyau kam har ya yi mata yawa. Sai dai fara ce sol, irin farin mutanen tudun arewa da rana ba ta taɓa gasawa ba, hannuwanta kuma na mai ɗinki ne, ko kanta babu. Mu kuwa a ƙauyen nan sai mun gama kallon hannun mace muke ɗaga kai mu ga fuskarta.

Diep sunanta. Iyayenta manoman shayi ne can Thai Nguyen, ita kuma tana ɗinkin dogayen riguna a Da Nang, inda ta haɗu da Luan, autan Yaya Nam, lokacin da ya je koyon gyaran injin jirgin ruwa. Tunda manya ba su shiga maganar ba tukuna, bai dace ta kwana gidansu ba, sai ya kawo ta masaukin baƙin da nake riƙe da shi, wanda katanga ce kawai ta raba shi da gidan uwarsa.

"Goggo Ut, ga amana na kawo miki," in ji shi.

Na ce amanar da uwarka ba ta yi na'am da ita ba? Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ai Yaya Nam ta daɗe da yanke hukuncinta. Ta ce arewa ta yi nisa. Ta ce matar masunci aikinta jira ne, wadda kuma ba ta taso tana ganin uwarta na jira ba, ba za ta iya ba. Bayan haka ga Suong, 'yar masu tsima ruwan kifin da muke sa wa abinci a bakin kasuwa, wadda tun tana goye aka fara kiranta matar Luan da wasa, ta girma ta riƙe wasan da gaske. Suong ta iya ɗinkin koma, ta san ranar da ake share kabarin mijin Yaya Nam, wanda babu kowa cikinsa sai mutum-mutumin yumɓu, don teku bai dawo mana da gawarsa ba.

Duk da haka Luan ya ce shi sai Diep. Ya kuma zaɓi ranar walimar sallama ya gabatar da ita, don washegari jirgin yayansa Bao zai fita, shi ma zai bi su, mai kula musu da inji ya karye a hannu.

Tun da asuba yarinyar ta shiga madafar Yaya Nam. Ta tsince ganye, ta wanke kwanuka, ba ta zauna ba. Da aka shimfiɗa tabarmi tsakar rana aka zauna, ta bi manya ɗaya bayan ɗaya da sunansu tana gayyatarsu cin abinci yadda suke yi a arewa, har wani kawun Luan ya ce in ta gama kiran sunayen a tashe shi, shinkafar ta huce. Aka yi dariya. Ko Yaya Nam sai da gefen bakinta ya motsa. Na ce a raina, to, ko dai za a dace?

Luan ya riga ya yi mata karatu a hanya. Kada ta tsallake koma, kada ta taka goshin jirgi, kada ta tambayi masu tafiya yaushe za su dawo. Duk ta haddace. Abu ɗaya ne bai gaya mata ba, don a ganinsa babu ɗan Adam a duniya da bai san shi ba.

Babban kifi ne a tsakiyar tabarmar, an turara shi da citta da albasa. Maza suka cinye tsokar sama har ƙashi ya bayyana. Diep ta lura Yaya Nam ba ta ci komai ba sai hidima take yi. Ta miƙa hannu da tsinkayen cin abinci da cokali, cikin ladabi da gwaninta, ta juya kifin ya kife, ta ɓanto farar tsoka mai laushi ta ɗora a kwanon uwar saurayinta.

"Mama, ki ci wannan, ba ƙaya."

Matar Bao ta dafe baki. Kawun da ke barkwanci ya ajiye kofinsa a hankali.

A nan ba a juya kifi. In an cinye sama, ƙashin ake ɗagawa a ajiye gefe, a ci na ƙasa yadda yake kwance. Wanda ya kife kifi ya kife jirgi, ko yaron da bai iya sa wando ba ya san wannan. Balle a walimar sallama, balle a gidan da teku ya taɓa ci.

Yaya Nam ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta dubi ɗanta, ba ta ko kalli yarinyar ba.

"Luan, jirgin wa ta kife mana? Na ubanku ya riga ya tafi. Saura na yayanka, gobe kuma ku biyu ne a cikinsa."

Ta tashi ta ɗauki farantin da kwanonta, ta fita da su ta ƙofar baya. Diep na zaune da tsinkaye a hannu tana kallon fuskoki, tana neman wanda zai gaya mata abin da ta yi. Suong ce ta gaya mata, cikin murya mai sanyi, kamar mai yi wa yaro bayani.

Manya suka ce a ɗage tafiyar. Bao ya ce ba zai yiwu ba, an loda ƙanƙara, ma'aikata sun taru, wata ya fara raguwa, in duhu ya wuce sun rasa kamun. Sai aka watsa gishiri da shinkafa a jirgin, aka kunna turaren tsinke a goshinsa, aka ce Allah ya kiyaye.

Da la'asar Luan ya zo ƙofar masaukina. Ina tsintar wake a baranda, ban ga dalilin da zai sa in tashi daga barandata ba, don haka duk na ji.

Diep ta riga ta haɗa akwatinta. Tana kuka tana cewa a gidansu kifin tafki suke ci, babanta da kansa yake juya shi, ba wanda ya taɓa mutuwa.

"Me ya sa ba ka gaya min ba, Yaya Luan? Ka gaya min na koma, ka gaya min na goshin jirgi. Wannan fa?"

"Wallahi ban tuna ba. Ban san akwai inda ake juyawa ba."

"Mun ci kifi tare a Da Nang."

"Yankakke ne, Diep. Kullum yankakke muke saye."

Sai ta fashe da wani kukan, shi kuma ya rasa inda zai sa hannunsa. Can ya karɓe akwatin ya mayar ciki.

"Ki saurare ni. In kika tafi yau, kin tabbatar mata da maganarta, cewa ba ki iya jira ba. Ki zauna wurin Goggo. Kafin wata ya cika mun dawo. Ranar da na sauko daga jirgin nan da ƙafata na tsaya gabanta, maganar kifi ta mutu, ba ta da sauran abin faɗa. Za ki jira ni?"

Ta ce za ta jira.

Washegari da suka fita, ba ta je bakin ruwa ba, don matan ma'aikatan jirgin sun aiko cewa kada su gan ta. Daga saman rufina ta tsaya tana kallon kwale-kwalen kwando na kai maza jirgi, har jirgin ya zama ɗan ɗigo shuɗi ya ɓace.

Daga nan zaman kaɗaici ya fara, ni kuwa ba na iya ganin mutum zaune yana kallon bango. Na ba ta tsohon babur ɗina da hular kwano, na ce tunda kin zo daga nesa, je ki ga gari kamar sauran baƙi, kuɗin motarki kada ya tafi a banza.

Ta je. Ta hau tudu ta ga tsofaffin hasumiyoyin jan bulo na Cham, mutanen da suka mulki yankin nan a dā, ta dawo ta ce min iska kawai ke shiga tana fita a cikinsu. Ta je gonakin gishiri, ta je inda ake shanya fallen shinkafa a kan asabari. Ta ɗauko hotuna cike da waya, na duba, babu mutum ko ɗaya a ciki. Na tambaye ta ita ina take? Ta ce ba wanda zai ɗauke ta.

Da safe takan zauna wurin mai wainar shinkafa da jatan lande a bakin kasuwa. Matar nan bakinta ba ya rufuwa, ko kare ya wuce sai ta tambaye shi labari, amma in Diep ta zauna sai ta ajiye mata farantin ta juya baya. Kujerun da ke kusa da ita kuma a bar su babu kowa. Diep ta naɗe wainar a ganye, ta tsoma a ruwan kifi, ta ci ita kaɗai, barkononmu na sa ta hawaye, ko kuma ta fake da barkonon. Daga nan ta koma shagon kofi ta zauna tana kallon kofin na ɗiga, ɗigo bayan ɗigo, in ya ƙare ta sa a kawo wani.

Uwar ɗakinta ta Da Nang ta bugo ta ce in ba ta dawo ba za a ba wata keken ɗinkinta. Ta ce a bayar. Mahaifiyarta ta bugo daga arewa tana tambaya ko dangin miji sun karɓe ta hannu biyu, ta ce sosai ma, har ta yi ƙiba.

Wata rana wasu Turawa mata da miji suka sauka wurina. Na gasa musu kifi, suka ci sama, mijin ya sa cokali mai yatsu ya kife shi, suna ta santi. Na zuba musu ruwa na wuce. Diep na kallo daga teburinta. Da suka tashi ta ce,

"Goggo, ba ki ce musu komai ba."

Na ce baƙo ba ya kife jirgin kowa, ba shi da kowa a ruwa.

Sai ta ce, "Ashe da yawon buɗe ido kawai na zo, da ba ni da laifi."

A ranar na zaunar da ita na koya mata. Ki karya ƙashin daga wutsiya, ki sa tsinke ƙarƙashinsa, ki ɗaga shi gaba ɗaya har kai, ki ajiye gefe. Hannun mai ɗinki ne, kafin a jima ta fi ni iyawa. Tun daga ranar kullum sai ta ce a dafa kifi ɗungurungum, ta zauna ta ɗaga ƙashinsa a hankali, ba mai gani sai ni da kyanwata.

Sai iskar arewa ta taso.

Ba ta yi kama da abin tsoro ba daga tudu, rufin kwano ne kawai ke ƙara, ruwan kuma ya koma launin toka. Amma oba-obar da ke gidan Bao, wadda kullum da yamma yake kiran matarsa ta ciki, ta yi shiru. Aka ce wataƙila nisa ne. Wata ya fara cika, jiragen da suka fita tare da su suka soma shigowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da karyayyen katako, kowa aka tambaya sai ya ce rabonsa da ganin jirgin Bao tun kafin iskar.

Wata ya cika. Ya fara raguwa. Babu su.

Yanzu ba juya wa Diep baya ake yi ba, kallonta ake yi. Mai waina ta ce waina ta ƙare alhali kasko na kan wuta. Yarinyar ta daina fita, ta daina cin kifin ma. Tana saman rufi daga safe har rana ta faɗi, fatar nan fara ta ƙone ta fara saɓulewa. Ta katanga kuma muna jin Suong a gidan Yaya Nam, ita ce dafa kunu, ita ce rarrashin yaran Bao, ta tare kamar an riga an kawo ta.

Ita Suong ɗin ce ta zo har barandata wata safiya. Ni na ɗauka faɗa ta zo yi, har na gyara tsayuwa. Ashe idanunta sun fi na Diep kumbura.

Ta ce ba ta zo zagi ba. Ta ce matan ƙauyen nan in nasu ya ɓace ba sa zama a kan rufi, ɗakin Kaka suke zuwa su yi alkawari. Matar Bao ta yi alkawarin barin nama har ta mutu. Ita Suong ta kai sarƙar da kakarta ta bar mata. Mamar Luan kuwa, sai Diep ta je ta gani da idonta.

"Kowa ya ba da abin da ya fi so," in ji ta. "Ke da kika jawo, me kika bayar?"

Na ce ta fice min daga gida. Ta fita. Amma maganar ta riga ta shiga inda aka aika ta.

Da rana tsaka Diep ta sa riga mai duhu ta ce in raka ta. Ɗakin Kaka na can ƙarshen yashi, inda aka ajiye ƙasusuwan babban kifin nan da ke tallafo jirgi a bayansa in ruwa ya yi fushi, wanda ba ma kiran sunansa sai dai mu ce Kaka. Hayaƙin turare ya cika ɗakin. Mace ɗaya ce durƙushe a gaban akwatin ƙasusuwan, sai da ta juyo na gane ta. Yaya Nam ce, ta aske gashinta ƙwal, gashin nan da ke kai mata har ƙugu, wanda ko ranar da mijinta ya ɓace ba ta taɓa shi ba.

Diep ta zube a bayanta.

"Mama, ki yafe min. Ban sani ba. Na ga ba ki ci komai ba ne."

"Na san ba ki sani ba." Muryar Yaya Nam ta dushe. "Kina tsammani ban ga ladabinki ba lokacin da kike zuba min? Na gani. Ba muguwa ba ce ke, 'yar nan. Amma ruwa bai tambaye ni ko kin sani ba."

"Ki gaya min abin da zan yi. Zan aske nawa ni ma. Zan bar nama, zan bar kifi, zan share ɗakin nan har in tsufa."

"Gashinki zai sake tsirowa. Nawa ma da na san ya isa, da yanzu suna gida." Ta share ido da bayan hannu. "Na ba ruwan nan miji. Na tsaya a kan kabarin da na san yumɓu ne a ciki, na ce wa yara ga babanku. Ba zan iya sa a gina min wasu biyu ba. Ni ba ni da sauran abin bayarwa, duk abin da nake so yana can cikin ruwa. Ke ce kike da abu a hannu."

Na ce, "Yaya Nam, ki ji tsoron Allah."

Ko kallona ba ta yi ba. Ita ma Diep ba ta kalle ni ba.

"Ya ce in jira shi," yarinyar ta faɗa, hawaye na ɗiga daga haɓarta. "Ya ce in ya dawo maganar ta mutu. Mama, shi kaɗai nake da shi a nan. Na bar aikina, na yi wa uwata ƙarya. In na ba da shi me ya rage min?"

"Ya rage miki sanin yana numfashi. Ni abin da nake roƙo ke nan, ban roƙi ya zauna kusa da ni ba. Ba zan tilasta miki ba. In kin fi son ki riƙe shi, riƙe shi, mu ci gaba da jira tare."

Sun daɗe a durƙushe, kowace na kukanta. Daga nan Diep ta miƙe ta zari tsinken turare uku ta kunna, ta riƙe su da hannu biyu a goshinta. Muryarta ba ta yi rawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Kaka, ni baƙuwa ce, ban san yadda ake yi maka magana ba. Ni na kife kifin. Ka dawo da jirgin Bao da duk wanda ke ciki. In ka dawo da su, na bar Luan. Ba zan tsaya ya gan ni ba, ba zan amsa kiransa ba."

Ta soke turaren a toka. Yaya Nam ta kama ƙafarta ta kifa kai a kai tana kuka, karo na farko da ta taɓa jikin yarinyar.

A hanyar gida na wanke ta tas. Na ce wa ya aike ki? Na ce ke da kika yi makaranta, ke da ubanki ke juya kifi yana nan da ransa. Ita dai ta ci gaba da tafiyarta.

Washegari da hantsi ihu ya tashi daga gidan Bao. Wani jirgi ne ya kira, ya gan su. Ruwa ya shiga musu inji ya jiƙa oba-oba, iska ta kwashe su ta yi nisa da su, Luan ya kwance injin nan ya yi ta fama har ya tashi. Duk suna raye. Suna tafe a hankali, kafin faɗuwar rana za su shigo.

Ƙauye ya ruɗe. Masu kuka na yi, masu guɗa na yi, kowa na cewa Kaka ya ji. Na haura sama da gudu, da gwiwar nan tawa mai ciwo, na tarar da Diep na ninke kaya a akwati.

Na ce ki tsaya ki yi tunani. Jirgin da zai shigo yau, ai tun kafin ki kunna turaren nan injinsa ya tashi. Hannun Luan ne ya dawo da su, ba bakinki ba.

Ta ɗago ta dube ni.

"Goggo, Bao zai sake fita in wata ya ragu. Wataƙila da shi. Za ki iya rantse min cewa ba alkawarina ba ne? Ki rantse, in zauna."

Na buɗe baki. Ni 'yar masunci ce, jikar masunci, ban taɓa juya kifi ba tunda aka haife ni. Na kasa.

Muna ɗaure akwatin a bayan babur sai ga Yaya Nam, ɗankwali a kan askakken kanta, da kwanon abinci mai murfi. Duk ƙauye na bakin ruwa, ita ta tsaya ta yi girki. Ta miƙa wa Diep, ta ce hanya da nisa, kada ta ci na jirgin ƙasa. Ta gyara mata igiyar hular kwano a ƙarƙashin haɓa, hannunta ya ɗan daɗe a wurin.

"Da a nan aka haife ki," ta ce, ba ta ƙarasa ba. Ta juya ta nufi bakin ruwa.

Muka bi hanyar da ke gefen teku. A kan tudu Diep ta taɓa kafaɗata na tsaya. Can nesa ga ɗan ɗigo shuɗi yana tahowa, kwale-kwalen kwando sun fita tarbarsa. Ta kalla har ta ƙoshi, ko kuma ba ta ƙoshi ba, ta ce mu tafi.

A tashar jirgin ƙasa muka sami benci a inuwa. Na matsa mata ta ci abinci, don rabonta da abin kirki tun tasowar iska. Ta buɗe kwanon. Shinkafa ce, da ɗan kifi guda ɗungurungum kwance a kai, da citta da albasa. Ta ajiye wayarta a kan bencin tsakaninmu, ta ci tsokar sama. Ta karya ƙashin daga wutsiya, ta sa tsinke, ta ɗaga shi gaba ɗaya har kai, ko ƙaya ɗaya ba ta bari ba. Wata tsohuwa da ke gefenmu ta leƙo ta ce, 'yar nan daga gidan masunta kike, ko? Diep ta ce a'a, saura kaɗan dai ta zama.

Sai wayar ta fara ƙara.

Sunansa ne a kai, da hotonsa yana dariya. Sun iso inda waya ke kamawa ke nan, ko sauka bai yi ba. Na ce ɗauki, ko muryarsa ki ji. Ta girgiza kai. Wayar ta katse, ta sake farawa. Mutane suka fara waiwayowa.

Ta kai hannu za ta kife ta a kan bencin, yadda kowa ke yi in ba ya son ganin mai kira. Yatsunta sun riga sun kama gefen wayar, sai hannun ya tsaya cak. Ta daɗe a haka tana kallon fuskarsa.

"Goggo," ta ce a hankali, "ba zan iya ɗauka ba. Ba kuma zan iya kife shi ba."

Jirgin ƙasa ya shigo. Na ɗaukar mata akwatin na kai ƙofa. Ta hau da wayar kwance a tafin hannunta, fuskarta sama, tana ta ƙara, ta sami wuri a bakin taga ta zauna a haka. Har jirgin ya ja ya wuce ni ba ta ɗaga min hannu ba, don hannun ba shi da sarari.